Sunan da Ya Zo da Ƙafa

A ƙauyenmu na Hillar Gawo, kudu da Sinnar kaɗan a ƙasar Sudan, inda kogi ya yi gwiwa, babu wanda bai san Hajja Mairo ba, kuma babu wanda ya taɓa cin ta da baki. Hajjar ta girmamawa ce kawai, don iyakar tafiyarta garin Madani, nan cikin Sudan. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Katangar ma ta zube ta gefe guda tun wata damina, muka ƙi gyarawa, domin ta nan muke miƙa wa juna wuta da gishiri da labarin gari. Kullum da hantsi nakan tsallaka in same ta a rumfa, ta soya kofi a kasko, ta daka da citta, ta ɗora jabana, butar kofi, a kan gawayi. Ta haura tamanin, haƙora sun tafi sun bar ta, amma harshen nan yana nan daram.

Sai dai harshen da ba ya raga wa kowa, akwai sunaye uku da bai taɓa ɗauka ba. Mijinta marigayi Yahya, har ya koma ga Allah "Malam" take ce masa. Ɗanta na fari, Adam, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat, sunansa a bakinta "wancan yaron". Ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a gabanta za ta juya wajen akuya ta ce, "A hwaɗa ma masu gidan ga, rumfa na yoyo." Shi kuma sai ya tashi ya nemo tsani. Na ukun shi ne surukinta, uban mijinta, Sabi'u, wanda sunansa gidan ya ci. Shi "Tsoho" ne. Kunyarsa ta kai ko ƙidaya take da Larabci, in ta zo kan lambar da ta yi kama da sunansa sai ta kauce ta ce shida da ɗaya. Masu tumatir na kasuwar Sinnar sun saba, ba sa ma dariya.

Abin mamakin shi ne, duk duniya babu wanda ya san labarin Sabi'u kamar wannan matar da ba ta iya kiran sunansa. Lokacin da aka kawo ta gidan, idonsa ya riga ya mutu, maza kuma suna gona tun asuba. Ita ke kai masa kunu. Suruka ba ta zama gaban suruki, don haka sai ta ajiye ƙwarya ta koma bayan zana tana tsinkar yakuwa. Shi ma ba zai yi hira da matar ɗansa ba. Sai ya juya wajen jakinsa ya yi ta ba shi labari da ƙarfi, yadda na bayan zana zai ji. A haka jaki ya sha tarihi, Mairo ta haddace.

Ga yadda take bayarwa, kuma na ji shi har ba iyaka. A Bakura aka haife shi, can ƙasar Sakkwato, shi ne na bakwai a ɗakin uwarsa, daga nan sunan ya samo asali. Yana saurayi ya bi ayarin masu niyyar Makka da ƙafa. A Barno suka yi noma shekara guda don su sami guzuri, can ba wanda ya damu da sunansa, Afuno ake ce masa, wato Bahaushe. A Wadai ya yi ɗinkin takalma, a Darfur ya yi dakon itace, a Kurdufan ya yi ɗibar ƙaro har tafin hannunsa ya tsattsage. Ko'ina da abin da ake kiransa. Wasu su ce Takaruri, wasu su ce Fallata, wasu su ce Hajji tun bai ga ko ƙurar Makka ba. Ya gaya wa jaki cewa a hanya ya sayar da riga, ya sayar da wuƙa, ya binne abokai biyu, abin da ya iso da shi bakin wannan kogi daga gidan ubansa sunansa ne kaɗai.

Ya iso daidai lokacin da Turawan Ingila ke gina madatsar Sinnar, ya shiga ɗaukar dutse. A nan ne ya haɗu da wani Bature mai duba aiki, wanda ya yi zama a Kano yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Wata rana ana hutun rana Baturen ya tambaye shi inda sunansa ya fito, ya gaya masa. Shi ma ya mayar da tambayar, don Sabi'u ba ya barin bashin magana. Baturen ya ce sunan da ake kiransa da shi ba nasa ba ne, na wani ƙaramin ƙauye ne a bakin rafi a ƙasarsu, wanda kakan kakansa ya baro. Daga cikinsu wasu sun koma birni, wasu sun haye teku zuwa wasu ƙasashe, shi ga shi a Sudan, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa ganin ƙauyen, amma duk suna ɗauke da sunan. Mairo ta ce in Tsoho ya zo nan a labarin yakan ce wa jaki, "Ka ji mutanen da sunka iya ɗaurin kaya."

Makka dai bai je ba. Ya yi tsinkar auduga a Jazira, ya yi aure, ya sami ɗan fili a bakin kogi, ya ce bari a yi damina ɗaya. 'Ya'yansa biyu manya suka ci gaba da tafiyar, suka haye teku ta Sawakin, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Yahya ne ya zauna, shi kuma ya haifi namiji ɗaya, Adam. Haka aka sami Gidan Sabi'u a Hillar Gawo.

To, mu nan ƙasar mutum huɗu suna ke ɗauka. A makaranta, a asibiti, a ofishin gwamnati, in an tambaye ka suna sai ka faɗi naka, da na ubanka, da na kakanka, da na uban kakanka, shi ke nan. Kamar kwalekwalen haye ne mai kujera huɗu, in jariri ya shigo ta gaba, tsoho ɗaya zai sauka ta baya. Kowa ya san haka, amma ba mai tunaninsa sai ya zo kansa.

Ya zo kan Mairo ne ta waya. Adam yana da 'ya'ya maza biyu, Sharfuddeen da Nasir. Sharfuddeen yana aiki a Saudiyya, can aka haifa masa ɗa, ya sa masa Rayan. Da yaron ya fara makaranta sai uban ya kira ta wayar nan mai hoto don ya yi wa kaka burga. Ina wurin, ni ce ma na riƙe mata wayar. Aka ce wa yaro ya faɗi sunansa cikakke. Ya ƙame kamar soja ya ce, "Rayan Sharfuddeen Adam Yahya." Mairo ta kara kunne tana jiran saura. Yaro ya yi dariya ya gudu.

Da aka kashe wayar ta ce mini, "Ya ƙare ke nan?"

Na ce, "Ya ƙare, Hajja. Huɗu ne."

Ranar kofin ya ƙone a kasko, abin da ban taɓa gani ba a gidan. Na ji tausayinta ƙwarai, don na ga abin ya shige ta. Mutumin da ya tako daga Bakura da ƙafa, ya ratsa ƙasashe bai yar da sunansa ba, ga shi an sauke shi a cikin ɗaki mai sanyin na'ura, ba wanda ya ma lura.

Saura Nasir. Shi makanikin injin ban ruwa ne a Sinja, kuma shi ya auri autata Nawal, don haka ni ma maganar ta shafe ni. Da cikin Nawal ya tsufa ta dawo gidana haihuwa kamar yadda aka saba. Tun daga ranar Mairo ta ƙulla abinta a rai: in namiji ne, a mayar da sunan Tsoho, ya sake shiga kwalekwalen ta gaba. Amma wa za ta gaya wa? Adam ne ke da ikon magana a kan sunan jikansa, ita kuwa ba ta magana da Adam. Ta gwada ta hanyar akuya. "A hwaɗa ma masu gidan ga, akwai sunayen da anka bari cikin rana." Adam ya sunkuyar da kai ya ce wa akuyar, "Yaran yanzu ba a yi musu dole." Aka tashi a haka.

Da Nasir kuwa ba ta da wannan matsala. Jika abokin wasa ne, "mijina" take ce masa, shi kuma Habboba yake ce mata, wato kaka, ya ce ya sake ta tun bara don ba ta iya miya ba. Wata Juma'a ya zo daga Sinja ya zauna a rumfarta. Ni suruka ce, ba zan zauna inda yake ba, sai na tsaya ta gefena ina shanya. Ba laɓe na yi ba, katangar ce a zube.

Ta ce, "Kai mijin banza, in Allah ya sauki matarka lahiya, wane suna ka aje?"

Ya ce, "Ayman, ya Habboba. Suna mai sauƙi, kwayyis, mai kyau, ko'ina ya shiga."

"Ayman ɗin mi? Wa anka yi a gidan ga mai wanga suna? Sunan Tsoho za ka sa."

Ya yi dariya. "Wane tsoho? Garin nan duk tsofaffi ne. Faɗi sunan in ji."

"Ka ci gidanku. Ka san wanda nike nuhi."

Sai na ji muryarsa ta sauya, wasan ya fita daga ciki. Da Larabci ya fara, sannan ya dawo Hausa don ta ji da kyau. Ya ce, "Habboba, wallahi ba raini ba ne. A gidan nan na tashi, ban taɓa jin an kira sunan nan ba. Ke ba ki faɗa, Baba ba ya faɗa, kakana ma an ce bai faɗa. Ni a makaranta na fara jin shi, a bakin malami Balarabe, ko daidai bai iya faɗa ba. Labarin da kike ba mu muna yara, na Tsoho da jaki, na ɗauka tatsuniya ce, sai da na girma na gane mutumin da ke ƙarshen sunana ne. Yanzu in na sa wa yaro, me za ku kira shi? Baba. Mai-suna. Ke da kanki ba za ki kira shi ba har abada. To suna da ba a kira, ina amfaninsa?"

Na jira in ji ta wanke shi tas, don ba a yi wa Mairo irin wannan a kwashe lafiya. Can sai na ji ƙarar cokali a finjali. Ta ce, "Sha kohinka, ya huce."

Raina ya ɓaci da yaron, har na ce wa Nawal mijinta ba shi da ta-ido. Amma da na zauna na auna, gaskiya ya faɗa. Mu ne muka girmama sunan har muka ɓoye shi, muka nannaɗe shi kamar tufafin Salla a ƙasan akwati, yara suka tashi ba su san kalarsa ba. Mairo ma ta gane haka. Kwanakin da suka biyo baya ta rage faɗa, har mai kawo madara ya tambaye ni ko ba ta da lafiya. Wata safiya tana daka citta ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Shi ya kawo sunan tun daga Bakura. Ni daga bayan zana zuwa rumfa na kasa kai shi."

Duk da haka ba ta fid da rai ba. Nasir yaro ne mai taushin zuciya, kuma na san ya fara lanƙwasa, don ya aiko wa Nawal cewa in namiji ne za a duba maganar Habboba.

Nawal ta haihu ranar wata Talata da hantsi, lafiya lau. Mace.

Murna muka yi, ba ƙarya, yarinya kamar a sace. Mairo ta tsallako katanga da sandarta, ta karɓe ta, ta tofa mata addu'a, ta ce kishiya ta zo, hancin ma na gidansu ne. Amma ni da na san ta na ga inda murmushin ya tsaya. Likita a Sinnar ta riga ta gaya wa Nawal ta huta shekaru kafin wani cikin, Mairo kuwa ta san shekarun da suka rage mata ba masu yawa ba ne.

Ranar suna aka kafa rumfar maza a ƙofar gida, aka yanka rago, aka raba dabino. Mata suka cika tsakar gidana, ana tuya kisra, wainar dawa mai faɗi ta nan ƙasar, ana surutu rabi Hausa rabi Larabci. Daga waje aka aiko cewa yarinya ta ci suna Raihana. Aka yi guɗa. Mairo na zaune a kan gadon igiya a tsakiyar mata, ta sha farin tobinta, lulluɓin matan nan ƙasar, ta ce a miƙo mata jaririyar.

Al'adar tsofaffinmu ce kaka ta yi wa jariri 'yar waƙa ko kirari, yawanci na tsokana, don haka mata suka matso suna jiran dariya. Daidai lokacin Adam ya zagayo ta gidan uwarsa da tiren nama, ya tsaya a inda katanga ta zube yana neman wadda zai miƙa wa. Nasir na biye da shi da buhun gawayi. Mairo ta gan su sarai. Ta gyara wa yarinyar zani, ta kai bakinta kusa da kunnenta, amma da ƙarfi ta yi maganar, irin ƙarfin da ake yi wa jaki magana don na bayan zana ya ji.

Ta ce, "Ke baƙuwa, saurara in hwaɗa miki ko ke wace ce, don gwamnati huɗu za ta ba ki, ni biyar zan ba ki. Ke ce Raihana, ɗiyar Nasir."

Mata suka ce, "Ayyururui."

"Nasir ɗan Adamu."

Wata tsohuwa ta kama baki. Na dubi Adam, na ga ya tsaya cak da tiren a hannunsa.

"Adamu ɗan Yahaya."

A nan ta ɗan dakata. Na ɗauka ta gama, don ko wannan ya isa a yi shekara ana zancensa a Hillar Gawo. Sai ta ɗaga kai ta dubi gabas, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta kamar amaryar da ta kawo kunu.

"Yahaya ɗan Sabi'u. Sabi'u na Bakura, na bakwai a ɗakin uwarshi, wanda yaz zo da ƙahwa. Ku yara, kun ji shi. Sabi'u. Ku hwaɗa in ji."

Yaran da ke wurin suka faɗa, wasu daidai, wasu a karkace, suna dariya don ba su san nauyin abin ba. Ta sa suka maimaita. Nasir ya ajiye gawayi ya faɗa tare da su, a hankali. Ni kam hawaye ne suka zubo mini, ban ɓoye ba, na bar kisra ta ƙone.

Sannan ta miƙa wa Nawal jaririyar, ta share fuska da gefen tobi, ta dawo Mairon da muka sani. Ta ce, "To, mi kuke kallo? Na yi rashin kunya da tsuhwana, sai ku kai ni ƙara. Allah ya gahwarta mini, su ma su yi haƙuri. A ba ni ruwa."

Ba wadda ta motsa, don duk Adam muke kallo. Dattijo mai jikoki, yana tsaye a kan ɓaraguzan katanga da tiren nama, gemunsa ya jiƙe. Na je na karɓi tiren kada ya zubar. Bai ma san na karɓa ba. Ya dubi uwarsa, ba akuya a tsakani, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ashe haka kike faɗin sunana."

Ta kawar da kai gefe, kunyar ta dawo mata gaba ɗaya. Ta yi kamar da ni take, ta ce, "A hwaɗa ma wancan yaron, ni na zaɓa mishi shi. Kullum ina hwaɗinshi, shi ne dai bai ji."